Daga noman ranin Kunce zuwa garkar da ba ta buƙatar ƙasa

Yau za mu waiwayi tarihin salatin da muke saye a bakin hanya, da dalilin da ya sa ya kamata ya koma cikin lakkol.

Dattawanmu ba su manta da 1984 ba. Damina ta ƙi, dabbobi sunka mutu, Najeriya kuma ta rufe iyakarta, shi ya sa a ƙasar Hausa ake kiran yunwar da suna El Buhari. A nan ne gwamnatin Seyni Kunce ta ɗauki noman rani da muhimmanci. Anka gina rijiyoyi, anka raba iri, anka tara mutanen da yunwa ta koro a gefen tabkuna da fadamu su shuka tumatir, shu, karoti da kwambitar. Garka dai daɗaɗɗiyar sana'a ce a wurinmu, albasar Galmi shaida ce, amma tun daga wannan shekara ta zama makamin yaƙi da yunwa.

'Yan lakkol ma ba a bar su baya ba. A makarantu da dama akwai ɗan fili bayan aji, mushe na tsaye, yara na ɗibar ruwa suna bayi kafin a tashi. Yaro ya san kwana nawa iri yake yi kafin ya tsiro. A yawancin makarantun birni wannan al'ada ta mutu, filin an gina aji a kansa, ko kuma ruwan pampo ya yi tsada.

Su ma manyan garakan Yamai suna cikin matsi. Na Gunti Yena, Gamkalle, Saga da bakin kogi ta Yantala, gine-gine na cin su ta gefe guda, ambaliya ta ɗaya gefen. A watan Satumban 2020 kogin Isa ya fasa madatsai, ya shafe garake da gonakin shinkafa masu yawa. Kowace uwar gida ta ji abin a kuɗin cefane.

To, ina mafita ga makarantar da ba ta da fili? Akwai dabarar noma ba tare da ƙasa ba. Wani malamin jami'ar Kalifoniya a Amurka, William Gericke, shi ya yaɗa ta a shekarun 1930. Ana dasa tsiron cikin yashi ko ɓuntun shinkafa, saiwarsa na cikin ruwan da anka narka takin zamani daidai gwargwado. Ruwan na zagayawa cikin tuyo ko ya zauna a cikin bido, ba ya nutsewa ƙasa, don haka kaɗan ne ke ɓacewa. Salati kan kai yanka cikin sati biyar zuwa shida. Kada ku ce sai Turawa: a sansanin 'yan gudun hijira na Tinduf, cikin saharar Aljeriya, da wannan dabara ake fitar da ɗanyar ciyawar sha'ir ga awaki cikin kwana goma ko ƙasa da haka.

Gaskiya ɗaya ce, abin yana da wahalarsa. Zafin watan Afrilu na wuce 40, in ruwan ya yi zafi saiwa ta ruɓe, dole a yi rumfa. Takin na buƙatar awo, ɗaukewar wuta na tsayar da injin ruwa. Kuma ba za ta ba mu hatsi ba, ganye ne da kayan miya.

Amma ku dubi matasan da ke koyon girki da aikin otel a makarantun koyon sana'a. Ɗalibar da ta shuka salatinta, ta auna ruwansa, ta yanke shi da hannunta, ta san abin da take ba mutane su ci, ta san da wane ruwa anka shayar da shi, kuma ba za ta zubar da rabi a shara ba. Masana muna da su kusa: INRAN tun 1975, cibiyar ICRISAT a Sadore, makarantar aikin gona ta Kollo. Ɓuntun shinkafa kuwa ga shi nan jibge a Saga. Abin da ya rage shi ne shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyayen yara su ƙwanƙwasa waɗannan ƙofofi.

Iyayenmu sai da yunwa ta zo sannan sunka rungumi noman rani. Mu kam mu koya wa yaranmu tun rumbu bai ƙare ba. Allah Ya ba mu damina mai albarka, sai mun haɗu a shiri na gaba.