Wa Ya Cinna wa Centralia Wuta?

A ƙidayar jama'a ta 1890, garin Centralia da ke gundumar Columbia a jihar Pensilvaniya ta Amurka yana da mutum 2,761. A 1980 sun koma 1,017. Shekara goma bayan haka saura 63, a ƙidayar 2020 kuwa mutum biyar kacal aka samu. Garin bai ga yaƙi ko annoba ba. Wuta ce ke ci a ƙarƙashinsa, cikin tsofaffin ramukan haƙar kwal, tun 1962 har yau. Tambayar da ta daɗe tana raba kan 'yan garin ita ce: wa ya cinna ta?

Labarin da ya fi daɗin ji shi ne na tsinuwa. An ce a 1869 'yan wata ƙungiyar asiri ta mahaƙa kwal, Molly Maguires, sun lakaɗa wa wani limamin Katolika duka, shi kuma ya ja wa garin Allah-ya-isa, ya ce ranar na zuwa da ba abin da zai rage a tsaye sai cocinsa ta St. Ignatius. Amma an rushe wannan coci a 1997. Wadda ta rage a kan tudu, ake ibada a cikinta har yanzu, ta 'yan asalin Yukiren ce. Wasu kuma suka ce wutar da ta tashi a mahaƙar Bast a 1932 ce ba ta mutu ba, ta yi ta rarrafe har ta iso. Sai dai akwai mahaƙan da suka yi aiki a ramukan yankin bayan wancan lokaci, kuma da wuta na bin hanyar da ba su iya shiga ba.

Bayani biyu ne suka rage masu nauyi, dukansu a juji ɗaya suka tsaya. Majalisar garin ta mayar da wani tsohon ramin haƙa da ke kusa da maƙabartar Odd Fellows wurin zubar da shara. Marubuciya Joan Quigley, a littafinta na 2007, ta ce wani mai kwasar shara ne ya zuba toka mai garwashi a ramin. Shi kuwa ɗan jarida David DeKok, wanda ya shafe shekaru yana bin lamarin, ya bi takardun majalisa ya tarar an ɗauki 'yan kwana-kwana biyar su gyara jujin kafin ranar tunawa da sojojin da suka mutu, lokacin da jama'a ke cika maƙabartu. A ranar 27 ga Mayu 1962 suka banka wa sharar wuta, suka kwarara mata ruwa, suka tafi. Kwana biyu bayan haka aka sake ganin harshenta. Da aka tona sai ga wani wawakeken rami a gindin jujin, wanda shara ta rufe, ba a like shi da yumɓu ba kamar yadda doka ta tanada. Ta nan wutar ta zarce cikin kwal.

Hujjar DeKok ta fi ƙarfi, don ita ce ke bayyana abin da ya biyo baya. Dokar jiha ta hana ƙona juji. Saboda haka da majalisa ta rubuta wa kamfanin kwal na Lehigh Valley, sai ta ce ba a san asalin wutar ba, ta kuma ambaci tsananin zafin da ake yi a lokacin. Daga wannan wasiƙa ruɗanin ya samo tushe. Masu mulki sun san gaskiya, tsoron ɗaukar alhaki ya sa suka rufe baki.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A farkon lamarin wani injiniya ya ce da dala 175 za a iya kwashe abin da ke cin wutar. Aka tsaya bin ofis-ofis. Da aka fara haƙa a watan Agusta, wutar ta riga ta yi nisa, kuɗin kuma suka ƙare kafin a cim mata. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, kowane yunƙuri ya zo a makare.

A 1979 mai wani gidan mai ya zura sandar awo cikin tankinsa na ƙasa, ya zaro ta da zafi. Da ya auna, fetur ɗin ya kusa digiri 78 a ma'aunin Salshiyas. A watan Fabrairun 1981 ƙasa ta dare a bayan wani gida, yaro ɗan shekara 12 ya rufta, ya riƙe saiwar itace cikin tururi mai guba har ɗan'uwansa ya jawo shi. Daga nan gari ya rabu biyu. Masu cewa a tashi suna duban 'ya'yansu da iskar gas da ke shiga ɗakuna. Masu cewa a zauna suna zargin makirci ne na raba su da kwal ɗin da ke ƙarƙashin gidajensu. Maƙwabtan da suka tashi tare suka daina gaisawa.

Majalisar dokokin Amurka ta ware dala miliyan 42 don sauya wa mutane matsuguni, akasarinsu suka karɓi diyya. A 1992 Gwamna Bob Casey ya sa jiha ta karɓe filayen da suka rage. Ƙauyen Byrnesville da ke maƙwabtaka shi ma ya tashi, an rushe gidansa na ƙarshe a 1996. A 2013 aka sasanta da mutum bakwai cewa su zauna a gidajensu har ƙarshen rayuwarsu.

Masana sun ƙiyasta wutar na iya kai shekara 250 tana ci. Ko ashanar 'yan kwana-kwana ce ko tokar mai shara, kuskure ne na yini ɗaya da ake iya gyarawa. Ɓoye gaskiya da jan ƙafar hukumomi su ne suka raba iyalai ɗaruruwa da gidajen iyayensu.