Makunnin Harsashin Igwa a Matsayin Shaidar Tarihi: Nazari a kan Lambobin Ingila

Gabatarwa

Masu nazarin tarihin yaƙi sun fi dogara ga takardu, watau rahotannin kwamandoji da wasiƙun ma'aikatar yaƙi da labaran jaridu. Manufar wannan takarda ita ce mu jawo hankalin mahalarta wannan taro ga wata shaida dabam, wadda ba ta wuce cikin tafin hannu ba. Wannan kuwa ita ce ɗan ƙarfen nan da ake murɗawa a hancin harsashin igwa, wanda aikinsa shi ne ta da albarushin da ke ciki. Sojoji na ce masa fiyus, mu kuwa a nan za mu kira shi makunni. A Ingila da Faransa da Beljiyam akwai mutane da dama da suka ɗauki tara waɗannan ƙarafa abin sha'awa, kuma a wajensu aka fi samun gwanintar tantance su. A ganinmu, rubutun da ke jikin makunni takarda ce mai kwanan wata da sa hannu, kuma wanda ya iya karanta ta zai fahimci dalilin da ya sa igwar Ingila ta kasa yin aikinta a 1916, ta kuma yi shi a 1917.

Yadda ake karanta makunni

Abu na farko da ake nema shi ne kan kibiya, watau alamar nan mai zane uku da ke haɗuwa a sama. Gwamnatin Ingila ta daɗe tana buga ta a kan kayanta na yaƙi, don haka ita ce ke nuna cewa ƙarfen ya shiga hannun hukuma. Daga nan sai lamba, alal misali 80 ko 101 ko 106, wadda ke nuna irin makunnin. Kusa da ita akan ga lambar Romawa, kamar IV ko VII, mai nuna gyara na nawa ne aka yi wa wannan iri. Sai haruffan maƙera: RL na nufin Royal Laboratory da ke Woolwich, a bakin kogin Thames, VSM na nufin kamfanin Vickers, Sons and Maxim, EOC kuma kamfanin Elswick na Newcastle. Sai kuma wata da shekara, waɗanda akan rubuta kamar 3/16, watau Maris 1916, da lambar rukunin da aka ƙera shi a ciki. Sau da yawa akan sami kwanan wata na biyu, na ranar da aka ɗura masa albarushi, domin inda ake ƙera ƙarfen dabam, inda ake ɗura shi dabam. Idan aka ga lamba an soke ta da layi an buga wata a gefe, to, an sake wa makunnin fasali ke nan bayan ƙirar farko.

Da waɗannan alamu ake raba na Ingila da na sauran ƙasashe, domin a gonakin arewacin Faransa duk a cakuɗe suke. Na Jamus sukan zo da haruffa irin su Dopp Z ko Gr Z, wasu na Faransa kuma suna da siffa mai hawa-hawa kamar amya.

Lamba 80

Tun 1803 sojan Ingila suka karɓi harsashin da Henry Shrapnel ya ƙago, wanda ake cika shi da ƙwayoyin darma don ya fashe a sama ya watsa su a kan abokan gaba. Irin wannan harsashi ba shi da amfani sai da makunni mai ƙidayar lokaci. Idan ya yi saurin fashewa ƙwayoyin su zube tun kafin su isa, idan ya yi jinkiri kuma ya nutse cikin ƙasa. Na farko-farko da katako aka yi su, kamar wanda Edward Boxer ya tsara a Woolwich a tsakiyar ƙarni na 19.

Lamba 80 ya shigo a 1905, don igwar nan mai harsashi laba 18 wadda ita ce ƙashin bayan sojan Ingila a Yaƙin Duniya na Farko. Abin mamaki, daga kamfanin Krupp na Jamus aka samo tsarinsa. Ana gane shi da zobba guda biyu da ke kewaye da jikinsa, masu ɗauke da siririn layin albarushi, da kuma ma'aunin da aka zana daga 0 zuwa 22. Mai harbi yakan juya zobe ya tsayar a kan lambar da aka ba shi, watau ya ƙayyade tsawon layin da wuta za ta ci kafin ta kai ga cikin harsashi. Na farko an yi su da alminiyam, daga baya aka koma tagulla. Ya kamata a lura da wani ɗan'uwansa, Lamba 85, wanda aka ƙera a Amurka bisa tsarin Amurkawa lokacin da masana'antun Ingila suka gaza, domin sabon mai tarawa yakan ɗauki wannan a matsayin wancan.

Dalilin da ya sa Lamba 80 ya fi kowane yawa a hannun masu tarawa yana cikin yadda harsashin ke aiki. Albarushin da ke gindinsa yakan tunkuɗo ƙwayoyin darma kimanin 375 ta gaba, su fice tare da makunnin, shi kuwa ya je ya faɗi can kusan lafiya lau. Saboda haka wanda aka tsinta a gona yakan zo da zobensa a kan lambar da mai harbi ya sa shi fiye da shekara ɗari da suka wuce. Daga wannan lamba ana iya ƙiyasta nisan igwar da ta harbo shi, amma fa da sharaɗi, don zoben na iya gocewa wajen faɗuwa, ko kuma wani ya juya shi daga baya.

Daga 100 zuwa 106

Da yaƙi ya koma na ramuka a ƙarshen 1914, sai ƙwayar darma ta rage amfani, tun da mutumin da ke cikin rami mai rufi ba ta isa gare shi. Aka koma neman harsashi mai fashewa da ƙarfi, shi kuwa babu shi da yawa. Bayan harin Aubers Ridge da ya ci tura ranar 9 ga Mayu 1915, jaridar The Times ta buga labari ranar 14 ga wata cewa rashin irin wannan harsashi ne ya jawo hasarar. Kafin watan ya ƙare an sake fasalin gwamnati, aka kuma ɗora Lloyd George a kan sabuwar ma'aikatar kayan yaƙi. Daga nan aka ba da kwangila ga masana'antun da ba su taɓa ƙera kayan soja ba, har da na Kanada da Amurka. Wannan shi ya sa haruffan maƙera a kan makunnai na 1916 suka yi yawa ƙwarai, har masu tarawa ke ta tsara jerinsu. Mata ne mafi yawan masu ɗura albarushi, kuma aikin na da haɗari: a Barnbow kusa da Leeds, mata 35 suka mutu a fashewa guda ranar 5 ga Disamba 1916.

Makunnin da aka yi wa sabon harsashi cikin gaggawa shi ne Lamba 100. Ba shi da zoben lokaci, sumul yake, kuma yana tashi ne idan harsashi ya ci karo da ƙasa gudunsa ya ragu. Aibinsa biyu ne. Wani lokaci yakan tashi tun cikin bakin igwa ya hallaka masu harbi, abin da ya sa aka maye gurbinsa da Lamba 101. Na biyun kuwa, wanda gyara bai kawar ba, shi ne harsashin kan nutse cikin ƙasa kafin ya fashe, sai ƙarfinsa ya tafi wajen haƙa rami, wayar ƙaya da Jamusawa suka shimfiɗa kuwa ta tashi sama ta dawo inda take. A Somme an yi mako guda ana ruwan wuta daga 24 ga Yuni 1916, aka harba harsashi kimanin miliyan ɗaya da rabi, da yawa ba su ma fashe ba. Ranar 1 ga Yuli sojoji suka fito suka tarar da waya a tsaye a wurare da dama. A wannan yini kaɗai Ingila ta yi hasarar mutum 57,470, daga cikinsu 19,240 matattu. Ba mu ce makunni kaɗai ya jawo wannan ba, akwai ƙarancin manyan igwogi da rashin ƙwarewar sababbin masu harbi, amma ba a iya bayanin ranar ba tare da shi ba.

Lamba 106 shi ne amsar wannan matsala, kuma daga Faransawa aka koyi dabarar. Ko makaho ya shafa zai gane shi, domin wani ƙarfe mai faffaɗan kai kamar na ƙusa ya fito daga hancinsa, wanda akan rufe da hula kafin harbi. Da zarar wannan kai ya taɓa ƙasa, ko da laka ce, sai harsashin ya fashe a sarari, ɓaraguzansa su bi ƙasa su yanke waya. An fara amfani da shi sosai a yaƙin Arras da tudun Vimy cikin Afrilu 1917.

Haddin wannan shaida

Kwanan watan da ke jikin makunni na ƙira ne, don haka abin da yake tabbatarwa shi ne ba a harba shi kafin wannan rana ba. Wannan ƙa'ida tana da amfani a gare mu a nan gida. Rundunar Kanar Morland ta zo Kano da igwogi huɗu masu bakin milimita 75, ta ci birnin ranar 3 ga Fabrairu 1903, aka kuma yi amfani da igwa a Sakkwato cikin Maris na shekarar. A ce wani ya kawo wa gidan adana kayan tarihi makunni ya ce na ranar cin Kano ne, sai aka duba aka ga Lamba 80 ko 106, ko kuwa 16 a wurin shekara, to, magana ta ƙare. Sai dai a nemi asalinsa ta wata hanya, wataƙila wajen sojojinmu da suka yi yaƙi a Kamaru da Gabashin Afirka tsakanin 1914 da 1918.

Dole kuma mu faɗi cewa gogewa na ɓata shaida. Sojoji da yawa sun mai da makunnai abin danne takarda ko gidan tawada, suka goge su har lambobin suka shafe, wasu ma an haɗa su ne daga sassa dabam-dabam. Mafi muni kuwa, alamun da ke waje ba su nuna ko akwai sauran albarushi a ciki. A Beljiyam har yanzu sojoji na kwashe tsofaffin harsasai daga gonaki kowace shekara, kuma a Ypres cikin Maris 2014 wani harsashi na wancan yaƙi ya kashe ma'aikatan gini biyu. Saboda haka wanda aka tono daga ƙasa, musamman idan yana maƙale da harsashinsa, ba a ɗaga shi, ba a kankare tsatsarsa don a ga lamba, sai a bar shi inda yake a kira masu kwance bam na soja ko na 'yan sanda.