Firjin da Aka Ɗora wa Allo

Tun kafin a san wutar lantarki ɗan Adam yake kokawa da ruɓa. Ya shanya nama ya yi kilishi, ya busar da kuɓewa da tumatir, ya girke randa a inuwa domin ruwa ya yi sanyi. Idan aka bi diddigin tarihin sanyaya abinci, kowane mataki amsa ce ga tambaya guda: ta yaya abin da aka samu yau zai kai gobe? Da wannan ma'auni nake son auna firjin da ake kira mai wayo, wanda ake jona shi da intanet, yake da allo a ƙofa da kyamara a ciki.

A shekarar 1806 wani matashi ɗan Boston mai suna Frederic Tudor ya yanko ƙanƙara daga daskararrun tafkunan Amurka, ya loda ta a jirgin ruwa zuwa tsibirin Martinique. Mutanen garinsu sun yi masa dariya, ya tafka asara, har bashi ya kai shi kurkuku daga baya. Bai daddara ba. Ya gano cewa dusar katako, wadda masu yankan katako ke zubarwa, tana hana ƙanƙara saurin narkewa. A 1833 jirginsa ya tashi da tan 180, ya yi wata huɗu a teku, ya isa Kalkata ta Indiya da kusan tan 100. Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne dusar katakon nan: shara ce ta tsallakar da sanyi daga wannan nahiya zuwa waccan.

Daga nan inji ya karɓi aikin. Jacob Perkins ya yi rajistar na'urar sanyi a Landan a 1834, Carl von Linde na Jamus ya inganta ta da sinadarin amoniya a shekarun 1870. A 1882 jirgin Dunedin ya ɗauko daskararren naman tumaki kusan dubu biyar daga New Zealand, ya yi kwana 98 a hanya, ya sauke shi a Landan bai lalace ba. Wannan tafiya ta sauya tattalin arzikin ƙasa sukutum. Firjin gida kuwa ya bazu ne bayan kamfanin General Electric ya fitar da samfurin Monitor Top a 1927. A 1940 gidajen Amurka masu firji ba su kai rabi ba. A 1950 sun kai kusan kashi 80 cikin ɗari. Ba a sha wahalar lallashin kowa ba, domin matar gida ta ga madarar da ke tsami kafin la'asar tana kwana uku lafiya lau. Har kuskuren da aka yi a hanya ma a kan sanyin aka yi shi: gas ɗin Freon, wanda ya maye gurbin masu guba a shekarun 1930, ya zo yana cin rigar ozon ta sararin samaniya, sai da yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta taka masa birki.

To, a watan Yunin 2000 kamfanin LG na Koriya ta Kudu ya fito da firji mai intanet, aka sa masa kuɗi kusan dala dubu ashirin. An yi alkawarin zai san abin da ke cikinsa, ya faɗa wa mai shi abin da ya ƙare. Sai dai kafin ya sani, dole mai gida ya tsaya ya shigar masa da bayanin kowane kaya, aikin da buɗe ƙofa da leƙawa ya fi shi sauƙi. Bai yi kasuwa ba.

A wannan shekara ta 2000 aka ba Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, lambar yabo ta Rolex saboda tukwane biyu. Ana sa ƙarama cikin babba, a cike tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da ɗanyen ƙyalle. Yayin da ruwan ke tsotsewa zuwa iska, sai ya tafi da zafin ciki, kamar dai yadda randa take yi tun zamanin kakanni. A gwajinsa, yalon da ke yamushewa cikin kwana uku ya kai kwana 27. Manomin da dole ke sa ya karyar da kayansa kafin faɗuwar rana ya samu damar jiran farashi. Idan aka jera ƙirƙirar biyu aka yi musu tambayar da na fara da ita, tukunyar ce kaɗai take da amsa.

Kamfanoni ba su haƙura ba. Samsung ya fitar da Family Hub a 2016, da allo mai faɗin inci 21 da rabi da kyamarori masu ɗaukar hoto duk lokacin da aka rufe ƙofa. Amma akwai wata ɓaraka da talla ba ta ambata. Firji mai kyau yakan yi shekara goma zuwa goma sha biyar yana aiki, manhaja kuwa tana tsufa cikin 'yan shekaru. A ƙarshen 2014 Google ya sauya tsarin kalandarsa, sai kalandar da ke kan wasu firjin Samsung ta daina aiki, masu su suka yi ta kuka wata da watanni. A 2015 masu binciken tsaro a Ingila suka nuna cewa ana iya satar kalmar sirrin Gmail ta jikin wani samfurin. A 2025 kuma kamfanin ya fara gwajin saka tallace-tallace a allon firjin da mutane suka riga suka saya da kuɗinsu a Amurka. A nan ne na fara tambayar kaina ko wa wayon yake yi wa hidima, mai gidan ko mai kamfanin. Bahaushe dai ya ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ba na cewa jona firji da waya aikin banza ne. Inda na ga ya yi rana shi ne wajen allurar rigakafi, wadda galibinta dole ta zauna tsakanin digiri 2 da 8 a ma'aunin Salshiyos. Idan ta yi zafi ko ta daskare, ƙarfinta ya tafi, kuma sau da yawa ido ba ya ganewa. A ɗakunan shan magani na karkara a ƙasashe da dama ana amfani da firji mai aiki da hasken rana, an maƙala masa 'yar na'ura mai auna sanyi dare da rana, wadda ke tura saƙon tes zuwa wayar jami'in lafiya da zarar awon ya kauce. Ba ta da allo, ba ta kunna waƙa. Saƙon yakan ƙunshi lambar firjin, da awon sanyinsa, da lokacin da ya fara hawa, domin a kwashe allurar kafin gari ya waye.