Awon Raman

awon Raman (suna, namiji). Hanyar gane sinadari, har ma daga nesa: a haska shi da leza, a tattara hasken da ya dawo, da madubin hangen nesa idan daga nesa ake awon. Ɗan kaɗan daga hasken yakan sauya launi gwargwadon girgizar ƙwayoyin abin da ya taɓa, kuma kowane sinadari da irin nasa sauyin, kamar zanen yatsa. An raɗa masa sunan C. V. Raman, masanin Indiya da ya gano hakan a 1928. Ɗaya daga cikin fa'idodinsa ita ce kare rai: mai kwance bam zai san abin da ke cikin kwalba tun bai matsa kusa ba. Misali: An yi wa kwalbar awon Raman kafin a buɗe ta. Hasken yana ratsa gilashi da roba, amma ƙarfe yana tare shi.