Cutar MERS: Daga Wani Asibiti a Jidda Zuwa Mayankar Kano

A watan Yunin 2012 aka kwantar da wani dattijo ɗan shekara 60, mutumin garin Bisha, a asibitin Dr. Soliman Fakeeh da ke Jidda. Zazzaɓi da tari da sarƙewar numfashi suka kawo shi. Kafin watan ya ƙare ƙodarsa ta gaza, rai ya yi halinsa.

Masanin ƙwayoyin cuta na asibitin, Ali Mohamed Zaki, ɗan ƙasar Masar, ya yi wa kakin dattijon gwajin mura da danginta, ba a ga komai ba. Da wani ne, da nan ya rufe fayil. Shi kuwa sai ya zuba kakin a kan ƙwayoyin halittar ƙodar biri da ake reno a ɗakin gwaji, ya sa ido. Cikin 'yan kwanaki suka fara lalacewa, alamar akwai bairas da ke cin su, wanda ba a san shi ba.

Zaki ya aika samfur zuwa Rotterdam ta ƙasar Holand, wurin Ron Fouchier na cibiyar Erasmus. Can aka karanta rubutun gadon ƙwayar, haruffa kusan 30,000, aka ga 'yar gidan korona ce, amma ba SARS ta 2003 ba. Ta fi kusa da waɗansu biyu da ke jikin jemagu, HKU4 da HKU5. Ranar 20 ga Satumba labarin da Zaki ya aika ya fito a ProMED, kafar da likitoci ke sanar da juna ɓullar annoba. Nan da nan likitocin Landan suka gane wannan ƙwayar ce ke jikin wani ɗan Katar da ke kwance a wajensu. Hukumomin lafiyar Saudiyya dai ba su ji daɗin fitar da samfurin ba, Zaki ya rasa aikinsa, ya koma gida.

A 2013 aka raɗa wa cutar suna MERS, aka kuma fara ganin alamarta a jinin raƙuma. A 2015 matafiyi ɗaya ya kai ta Koriya ta Kudu, mutum 186 suka kamu, 38 suka mutu. A shekarar ne kuma masu bincike suka sami ƙwayar a hancin raƙuman mayankar Kano. Da aka karanta gadonta, sai ga shi reshen Afirka daban yake da na Larabawa, kuma ba a ga ya tayar da annoba tsakanin mahauta ba.