Daga Farar Ƙasa zuwa Fenti: Tarihin Launin Ɗaki a Ƙasar Gaya

A ƙasashen Turai, da zarar watan Mayu ya kama, masu gidajen hutu a bakin teku sukan shiga shawarar launin da za su shafa wa ɗakunansu kafin zafi ya iso. Watannin nan nasu na zafi, Yuni zuwa Agusta, su ne tsakiyar damina a Gaya, lokacin da babu maginin da zai yarda ya taɓa bango. Wannan bai nuna cewa Dandawa da Kyangawa da Zabarmawa da Hausawan da ke zaune a wannan yanki ba su san zaɓen launi ba. Sun san shi tun kaka da kakanni, suna da lokacinsa, suna da masu yin sa. Bambancin shi ne, a da ƙasa da yanayi ne suke yanke hukunci, yau kuwa kasuwa ce. Yadda wannan sauyi ya faru, da abin da ya jawo wa mazauna ɗakin, shi ne abin da wannan maƙala za ta duba.

Ruwa ne ke tsara lokaci

Gaya tana bakin kogin Isa, wanda ake kira Kwara a Najeriya, a ƙarshen kudancin jahar Dosso. Ita ce yankin da ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, wajen milimita 800 a shekara, kusan ninki biyu na abin da Damagaram take samu. Ruwa mai yawa alheri ne ga manomi, amma jarrabawa ne ga ginin laka. Kowace damina takan zaftare yaɓe, ta bar zane-zanen yoyo a bango, ta jiƙa gindin ɗaki. Saboda haka gyaran gida yake da kalandarsa. Bayan kaka, in an kai amfani rumbu, hannu ya sami sarari, iska ta bushe, sai a kwaɓa ƙasa a toshe tsaga. Kafin bazara ta ƙare kuma a sake duba rufi da indararo. Tsakanin waɗannan lokuta biyu ake shafe, musamman in salla ta gabato ko ana shirin kawo amarya.

Yawan ruwan nan shi ne kuma ya ba Gaya kayan aikin. Dajin giginya na Dallol Mawri da bakin kogi yana ba da azara, wadda gara ba ta cika ci ba. Ɗorawa da bagaruwa suna tsirowa a yankin. Tuddan da ke kewaye da garin na jar ƙasa ne. Duk launin da ake bukata yana nan inda jaki zai iya zuwa ya dawo a yini guda.

Launuka huɗu

Launin ɗakin gargajiya bai wuce huɗu ba, kuma kowanne da aikin da yake yi ban da ado.

Fari daga farar ƙasa yake fitowa. Akan jiƙa ta, a tace, a shafa da tsumma ko da tafin hannu. Ɗakin laka ƙaramar taga gare shi, wani ma ba shi da ita, don haka farin bango ne yake yawaita ɗan hasken da ya shigo ta ƙofa, ya kuma taimaki fitilar aci-bal-bal da dare. A farin bango ake saurin ganin kunama da hanyar gara.

Ja da ruwan ƙasa daga jar ƙasa suke, da kuma makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. In an jiƙa ɓawon, ruwansa yakan yi ja mai duhu, a kwaɓa yaɓe da shi ko a yayyafa a bango. Makuba tana ƙarfafa ƙasa, tana hana ruwa saurin ratsa ta. Shi ya sa ake sa ta a gindin bango da bakin ƙofa, inda hannu da ƙafa da feshin ruwa suka fi taɓawa.

Baƙi yakan zo daga ruwan bagaruwa, wadda majema suke jima da ita, ko daga gawayi. Shuɗi kuwa ɗan marina ne. Karofi ba tufafi kaɗai yake rinawa ba: katsin da ya kwanta a gindinsa akan ƙona shi, a daka, a haɗa da dafara da gashin jima, a sami laso, wanda shi ne simintin Hausawa na da. Wato magini da marini da majemi sana'o'insu a sarƙe suke, sharar wannan ita ce kayan aikin wancan.

Ɗaki na mata ne

Namiji yake gina bango, amma cikin ɗaki hurumin mace ne. Mata ne suke yin daɓe. Sukan yi gayya, su baza tsakuwa da ƙasa, su yi ta bugu da madaɓi suna waƙa, suna yayyafa ruwan makuba ko na bagaruwa har daɓen ya yi santsi yana ƙyalli. Su ne kuma suke shafe, su ja layi tsakanin farin sama da jan ƙasa, wata ta ƙara zane da yatsa kafin yaɓen ya bushe.

Mafi yawan launin ɗakin amarya ma ba a bango yake ba, a jere yake. Da farko ƙoren da aka yi wa zane ne da akussa da faya-fayai masu rini. Daga baya tasoshin tagulla suka shigo, sa'an nan kwanonin da aka yi wa fenti na fure-fure, ja da rawaya da kore. Jere shaida ne na ƙoƙarin uwa da dangi, kuma ajiya ne da mace take iya sayarwa ran da ta shiga matsi. Farin bango a nan shimfiɗa ce kawai, domin kwano ya fito da kyau.

Abin da birane suka koyar

Zanen da ya fi shahara a ƙasar Hausa a manyan birane ya bunƙasa. A Zariya, Babban Gwani Muhammadu Mika'ilu ya gina masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarim, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. Adon wannan gini na ciki ne: bakan gizo da zanen da aka fitar da laka, inuwa da haske suna yin aikin launi. A Damagaram, wadda ta riƙe matsayin babban birnin mulkin mallaka har 1926, gidajen unguwar Birni sun yi suna da zanen fuskar zaure. A tsakiyar ƙarni na 20 attajiran Zariya suka riƙa sa magina su zana musu dagi da takobi, har da keke da agogo, abin da Anthony Kirk-Greene ya rubuta ɗan littafi a kansa a 1963. Fatake da magina masu cin rani su ne suka yi ta yawo da irin waɗannan zane-zane daga gari zuwa gari, kuma Gaya mashigar fatake ce tun zamanin cinikin gishirin Foga da goron Gwanja.

Iyaka da kasuwa

Yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka ƙulla a birnin Paris ranar 14 ga Yuni 1898 ta bar Gaya a hannun Faransawa, Illo kuma a hannun Ingilishi. Daga nan garin ya zama mahaɗar hajoji biyu: na kamfanonin Faransa irin su CFAO da SCOA, da na Ingila irin su John Holt da UAC. Baƙon launi na farko da ya sami karɓuwa shi ne bula, wadda aka kawo domin wanki. Asalinta wani shuɗi ne da Bafaranshe Jean-Baptiste Guimet ya sami lambar yabo a kan haɗa shi a 1828. Mata suka gane cewa in an zuba ta kaɗan cikin farar ƙasa, bango yakan yi wani haske mai sanyin gani. Shuɗin masana'anta na rini, wanda kamfanin BASF na Jamus ya fara sayarwa a 1897, shi kuma ya yi ta rage wa karofi kasuwa, katsi ya ragu tare da shi.

A 1958 aka gama gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, kayan tashar jiragen ruwa ta Kwatano suka riƙa ratsa garin a manyan motoci. Masana'antar siminti ta Malbaza ta fara aiki a 1966, ta Sakkwato a 1967. A shekarun 1960 ɗin kuma aka fara ƙera kwanonin jere a Ikko da Kano. Faɗuwar darajar naira daga 1986 ta sa fenti da kwanon rufi da ledar ɗaki na Najeriya suka yi araha ga mai riƙe da sefa, ana shigo da su ta Kamba. A cikin ƴan shekaru shuɗi da kore na gwangwani suka mamaye ɗakuna. Ƴan kasuwa da ma'aikatan da ke zaune a Yamai ko Kwatano, waɗanda ba sa zuwa gida sai hutu ko salla, sukan aiko da kuɗi a yi fenti kafin su iso. Zaɓen launi ya tashi daga hannun uwar ɗaki ya koma hannun mai biya da mai shago.

Riba da hasara

Ba a ƙi gaskiya ba, fenti ya kawo sauƙi. Yana wankuwa, ba ya goguwa a jikin riga kamar farar ƙasa, yana kuma ɗauke wa mata aikin kowace shekara. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na farko, zafi. A watan Afrilu zafin Gaya yakan haura digiri 40. Kaurin bangon laka yana jinkirta zafin rana, ba ya isa ciki sai dare ya yi. Siririn bulon siminti da rufin kwano ba sa yin haka, in kuma an ƙara da launi mai duhu a waje, bangon yakan sha rana fiye da kima. Na biyu, danshi. Farar ƙasa da makuba suna barin bango ya fitar da laimarsa. Fentin mai da yaɓen siminti a kan laka suna kulle ta a ciki, sai fentin ya kumbura, yaɓen ya ɓamɓare. Na uku, lafiya. An daɗe da sanin cewa wasu fentin mai suna ɗauke da dalma, wadda take lahani ga ƙwaƙwalwar yara. Tun 1921 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniyar taƙaita amfani da farar dalma a cikin gidaje. Ɓarɓashin tsohon fenti kuwa a ƙasa yake zuba, inda jariri yake rarrafe.

Na huɗu, dogaro da iyaka. Karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ta ninka kuɗin kayan Turai. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka toshe gadar Malanbil, mutane da kaya suka koma tsallaka kogi a kwalekwale. A kowane karo mai jiran gwangwanin fenti ya ji a jikinsa, alhali jar ƙasa da ɗorawa suna inda suke.

Kammalawa

Komawa ga ƙasa ba mafarki ba ne. Masallacin Yama a jahar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara ginawa da laka a 1962, ya sami kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji, Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili sun kammala masallaci da ɗakin karatu na Hikma a 2018 da bulon jar ƙasa da aka matse, suka bar launin ƙasar ya zama adon ginin.

Abin da ya fi gaggawa shi ne sani. Matan da suka iya haɗa ruwan makuba, suka san ramin da ake haƙo farar ƙasa mai kyau, suka riƙe waƙoƙin daɓe, tsufa ya cim musu. Malaman makaranta suna iya tura ɗalibai wurin kakanninsu lokacin hutu, su rubuto sunan kowane launi da Hausa da Dandanci, da inda ake samo shi, da watan da ake aikinsa. Ƙungiyoyin al'adu kuma suna iya zaɓen zaure ɗaya a kowace unguwa a yi masa shafe irin na da bayan kaka, a gaban yara. Duk wanda ya shiga wannan zaure da tsakar ranar bazara, ba sai an yi masa dogon bayani ba.