Tarihin da Ciyawa Ke Iya Cinyewa

Yau Ingila muka nufa, kuma filin ciyawa za mu tsaya.

A wasu garuruwan ƙasar akwai wani zane da mutanen da suka yanka a ƙasa: siririyar hanya guda ɗaya, tana naɗewa kamar gammo har ta kai ka tsakiya. Babu bango, babu mararraba, don haka ba a ɓata. Tudu ne da kwari kawai, kamar kunyar gona.

Tsofaffin irinsa guda 8 kacal suka rage a Ingila. Mafi girma shi ne na garin Saffron Walden, wanda in aka miƙe hanyarsa za ta kai kusan kilomita ɗaya da rabi. Tun 1699 takardun garin suka nuna an biya kuɗin sake yanka shi. Na ƙauyen Hilton kuwa, William Sparrow ne ya yi shi a 1660, kuma har yau akwai ginshiƙin dutse a tsakiyarsa ɗauke da sunansa.

To ina sauran? Garma ta cinye wasu. An nome na Pimperne a 1730, na Sneinton kusa da Nottingham kuma a 1797. Yanzu galibin waɗanda suka tsira suna cikin jerin wuraren tarihi da dokar 1979 ta kare. Lalata su, ko yin aiki a kansu ba izinin hukuma, laifi ne.

Amma fa ku lura, doka tana hana garma ne, ba ta hana ciyawa tsiro. In aka bar zanen 'yan shekaru ba gyara, ruwa da ciyawa za su cike kwarin, ya shafe ba tare da kowa ya karya doka ba. Shi ya sa a 1911 aka shimfiɗa bulo a hanyar Saffron Walden. A ƙauyen Alkborough kuma, a 1887 aka kwafi zanen nasu a daɓen ƙofar cocinsu, ta yadda mai sake yankawa zai samu abin dubawa.

Wato abin da ya raya waɗannan wurare ɗaruruwan shekaru shi ne, kowane zamani an samu waɗanda suka ɗauki shebur suka fita. Ranar da aka rasa su, sai dai a karanta labarin a takarda.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.